Yadda Za Ki Saurari Sulhun Ɗanki da Matarshi ta Bayan Darni

“Ni ban hana ki magana da mijinki ba,” in ji Haske, tana tsaye bakin murhu da muciya a hannu. “Tambaya na yi, wace ce ta ukunku?”

Balkisa, matar ɗanta, ta ce ai ta faɗa jiya, shekaranjiya ma ta faɗa: Madam Latifa ce, tana Yamai, aikinta ke nan gyara tsakanin mata da miji ta salula, wato wayar hannu. Haske ta tambayi ɗiyar wane gida ce, tana da miji ko zawara ce mai leƙen na wasu. Balkisa ta ce ba ta bincika ba. Haske ta ce to madalla, aure ya koma hannun wadda ba a san kakanta ba. Balkisa ta duba randa ta ce ruwa ya ƙare, ta ɗauki bokiti ta nufi famfo, ta bar tsohuwa tana ƙarasa faɗan da tukunya.

Tsaya nan, 'yar'uwa. In ke ma uwar miji ce, kuma wanga sabon abu ya shigo gidanki, matso kusa.

Ga yadda zancen shike. Manzo ɗan farin Haske ne, kuma shi kaɗai ne namiji. Ya daɗe Kutunu shina sayar da tayun mota. Da can kowace damina shina gida da haywarshi ta noma a kafaɗa, kamar sauran 'yan cin ranin ƙasarmu ta Kurfai. Yanzu ya kama ɗaki can, shina son matarshi da yaranshi biyu su bi shi. In sunka tafi, gida ya rage daga Haske sai awaki, ga gwiwa ta gaji, ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Haske ta haƙiƙance Balkisa ce ke hura wutar tafiyar. Tambayar ɗan kuwa ba ta taso ba. Ɗan fari ne. Tun da anka yanke mishi cibiya ba ta taɓa kama sunanshi ba, ba ta kallon idonshi, ba ta roƙonshi ko allura. In ya kira, Balkisa take ce ma, “Ki gaya ma wancan muna lafiya.”

Wadda ba ta iya tambaya, dole ta iya saurare. Ni Muna, darnin kara ɗaya ya raba gidana da na Haske a nan Filinge, ni na koya mata, kuma yau ke zan koya ma. Alkawari biyu na yi miki. Duk abin da anka faɗa cikin gilashin salular nan sai ya shiga kunnenki, kuma girmanki ko ƙwarzane ba zai yi ba. Haske ta bi matakan nan bi da bi, kuma duka biyun ta samu.

Mataki na 1: Ki raina abin a gaban jama'a

Kafin ki kasa kunne ga abu, sai kowa ya shaida bai dame ki ba. Ki faɗe shi wurin injin niƙa, ki faɗe shi gidan suna, ki maimaita ranar kasuwa wajen masu daddawa.

Ki tuna musu yadda ake yi a da. Mace ta yi yaji, a tura kawu da goro, liman ya zo, a zauna zaure, unguwa duka ta ji mai laifi, kowa ya koma gida da abin taunawa har kaka. Yanzu kuwa Madam ta ce wai abin da anka faɗa nan, nan zai tsaya. Ki duba rowa. Mutum uku su cinye rigima guda su kaɗai, maƙwabta ko ɗanɗano.

Haske ta iya wanga mataki ƙwarai. Har rantsuwa ta yi wurin niƙa cewa ko kyauta anka ba ta zancen ba ta so.

Mataki na 2: Ki gano inda rezo ke sauka

Rezo, wato sabis ɗin salula, halin zabuwa gare shi, shi ke zaɓen inda zai yi ƙwai, kuma ba ya zaɓen cikin ɗaki. Ki bi sawun surukarki da ido. Inda kinka ga ta tsaya ta ɗaga salula sama kamar mai roƙon ruwa, nan ne.

A gidan Haske, bayan rumbun hatsi shike sauka, daf da darni. Nan Balkisa ke kife turmi, ta jingina salula da dutse, ranar da Manzo ba ya fita kasuwa, bayan la'asar. Fuska uku ke fitowa: Manzo da hularshi, Madam da tabarau, Balkisa can ƙasa 'yar mitsitsiya. Ɗaya gefen darnin kuwa tsakar gidana ce. Ban ce don ni Allah ya shirya haka ba, amma ban ga wani da ya amfana ba.

Sai ki fara son maƙwabciyarki tun da wuri, kada a ga zumuncin ya tsiro rana ɗaya. Ki riƙa zuwa da aikin hannu marar ƙara. Ban da daka, ban da ɓarar gujiya. Tsinkar zogale ta fi, ganye ba ya tona asiri.

Mataki na 3: Igiyar kunne dole ta ɓace

Zaman farko munka sha wuya. Balkisa ta toshe kunnenta da 'yar farar igiyar nan ta sauraron salula, ba abin da munka samu sai “i,” da “a'a,” da “haka ne, Madam.” Rabin zance ya fi rashinshi ciwo. Haske ta koma gida da zogale cike da ƙwarya da ciki wayam.

Kada ki sata, sata ba aikin dattijuwa ba ne. Ki dai ɗauke ta don shara, ki manta ta kusa da turken awaki, hannunki kuma a ce bai daɗe da taɓa dusa ba. Sauran aikin ba naki ba ne.

In an fara nema, ki fi kowa nema. Haske har ƙarƙashin gado ta leƙa da gwiwarta mai ciwo. Da anka ga guntun igiyar a bakin jar akuya, ita ta fara kai mata duka. Balkisa ta daɗe tana kallon tsohuwar. Daga ranar salula ta koma magana da babbar murya, kamar rediyon mai shayi.

Mataki na 4: Kada ki saurara ke kaɗai

Abin da kunne ɗaya ya ji, gobe ana iya ce miki tsufa ne. Ki nemi shaida. Mu Ummul mai ƙosai munka ɗauka, don ta taɓa yi ma matar wani jandarma wanki, ta tsinci Faransanci kaɗan. In Madam ta zame cikin yaren lakkwal, wato Faransancin, Ummul ke fassara muna cikin raɗa, kuma fassararta kullum ta fi maganar tsawo da daɗi.

Ga ka'ida: ba taba, ba goro mai sa tari, ba awarwaro. Wadda dariya ta kama ta ciji zane.

Za ki buƙaci zanen. Madam takan buɗe da “fofo,” gaisuwar Zabarmawa, sannan ta ce kowa ya rufe ido ya ja numfashi ya sake. Mu ma bayan darni mukan ja, tunda ba a biya. Rannan ta ce Balkisa ta dubi tsakiyar idon mijinta ta kira shi da sunanshi. Balkisa ta dubi rumbu, ta dubi ƙafarta, da ƙyar ta ce “Baban yara.” Sai Madam ta juya kan Manzo, ta ce ya faɗi abin da ya fi so game da matarshi. Can ya gyara murya ya ce ba ta ɓarnar hatsi.

Ummul ta kusa haɗiye bakin zanenta. Haske kuwa ta ɗaga kai tana jin daɗi, ta ce cikin raɗa wancan bai lalace ba tukuna.

Mataki na 5: In kinka ji alheri, kada ki yarda

Nan ne mata da yawa ke faɗuwa, don haka ki buɗe kunne.

Wata la'asar Manzo ya zazzage cikinshi. Ya ce ya gaji da cin abincin bakin titi, ya gaji da kwana shi kaɗai da tayu. Ya ce ƙaramar ɗiyarshi in ta gan shi sai ta leƙa bayan salula tana neman sauran jikinshi. Tun girbin bara shike cewa su taho, Balkisa na ƙi, kullum da sabon dalili, shi dai bai san mi ya yi mata ba.

Haske ta daina tsinka. Wanga ba shi ne labarin da ta zo ji ba.

Madam ta ce Balkisa ta amsa, ba gaggawa.

“Ni ban ƙi Kutunu ba,” in ji Balkisa. “Inna ce. Idonta ya tafi fiye da yadda take nunawa. Kullum da safe sai na aje mata takalmi daidai inda ƙafarta za ta sauka, don kada ta laluba a gabana ta ji kunya. In na tafi, wa zai yi?”

Haske ta dubi takalman da ke ƙafarta. Ita a zatonta inda ta tuɓe su nan suke kwana. Ta tuna buta da ba ta taɓa samu babu ruwa ba, da allura da kullum take tararwa da zare a ciki.

Manzo ya ce to Inna ta koma wurin ƙanwarshi da ke aure Bonkuku. Balkisa ta ce shi ma ya sani, Inna gara ta kwana da yunwa da ta ci tuwon gidan suruki. Madam ta ce ashe zancen ba na mutum biyu ba ne, sai an ji ta bakin Maman.

“In Inna ta ce in zauna, zan zauna, shi ya riƙa zuwa da damina,” in ji Balkisa. “Amma ba ta taɓa cewa ba. Abin da nike ji kullum, tuwona ya yi ruwa. In ba ta so na, gara in bi mijina.”

Haske ta miƙe da ƙyar, ta ce bari ta duba awaki. Da mun bar ta ta tafi a haka, da ta je ta yi abin kunya, wataƙila har ta sa ma yarinyar albarka. Munka riƙo zanenta. Ummul ta ce ta yi hankali, 'yan yanzu sun iya kuka da ido ɗaya. Ni kuma na tuna mata babban abin: ɗiyar nan ta gaya ma baƙuwa ta Yamai, da ɗan farinki, cewa ke makauniya ce. Nan take taushin zuciyar Haske ya kau, fushi ya samu wurin zama.

Ki riƙe wannan. Alherin da kinka ji ta bayan darni ba ya godiyuwa, don in kinka gode an san kin saurara. Abin da ba ki iya gode ma kuwa, mafi sauƙi ki mai da shi laifi.

Mataki na 6: In an gayyace ki, ki tafi da rakiya

Washegari Balkisa ta durƙusa ta gaida Haske, ta ce Madam na roƙon ta zo zama na gaba. Haske ta yi yadda na koya mata, ta ware ido ta ce wace Madam kuma.

“Wadda kuke ji daga gidan Inna Muna,” in ji Balkisa. “Zogalen da kunka tsinka ai ya ishi Filinge kopto, kwaɗon zogale, har salla.”

In haka ta same ki, kada ki musa, kada ki amsa. Ki tambayi ko an ba awaki ruwa.

Haske ta yarda za ta je, amma ta ce lalle mu kasance a wurinmu, mu ji yadda ake magana da 'yan Yamai. Ummul ta rantse mutum ɗaya kawai ta gaya ma. Kafin la'asar ta ranar zaman, tsakar gidana ta cika kamar ranar suna, har da wadda ta zo da tabarmarta, har da wadda ba ma gaisawa.

Haske ta fito cikin leshin da Manzo ya aiko tun sallar bara, wanda ta ce ba ta so. Balkisa ta shimfiɗa mata tabarma gaban turmi. Ta zauna a karkace, kunne ga salula, fuska ga rumbu, don fuskar ɗan fari na cikin gilashin. Manzo ya cire hula ya gaishe ta. Ta ce ma Balkisa ta ce mishi lafiya lau. Ta bayanta kuwa tana jin darni na motsi, tana jin numfashin mata, har tana iya gane na wace da wace.

Mataki na 7: Ki riƙe girmanki, komi za a yi

Madam ta gaishe ta da ladabi, ta ce Maman ta kira ɗanta da sunanshi ta gaya mishi abin da take tsoro. Bayan darni zannuwa sunka sha cizo. Haske ta ce ma Balkisa ta gaya ma baƙuwar nan cewa a Kurfai ba a haka.

Madam ta ba da haƙuri, ta ce ita ma uwarta ba ta kama sunan yayanta. Ta ce to a bar Manzo gefe, tambaya ɗaya ce: Maman tana son Balkisa ta zauna da ita, ko ta tafi?

Kalmar na bakin Haske. “Zauna.” Ba ta da nauyi, kullum tana faɗa ma jikoki ita. Ta ji ta taso har kan harshe. Amma in ta faɗa, ta roƙi ɗan fari abu a gaban idonshi, kuma abin ma matarshi. Kuma kamar ta amsa ke nan cewa ba ta gani. Gobe wurin niƙa, inda ta yi rantsuwa, za a yi ta maimaita muryarta har da rawar da ta yi.

Balkisa ta miƙa hannu ta kife salula a kan turmi, fuskar Manzo ta ɓace.

“Inna, ga shi ba ya ganinki,” ta ce a hankali. “Kunyarki da shi ce. Ni ba ke kinka haife ni ba. Ni za ki gaya ma.”

Haske ta juyo ta dubi inda yarinyar take, ta ga inuwarta dishi-dishi, kusa ƙwarai. Ta buɗe baki. Daidai nan wata a cikinmu ta matso don ta ji da kyau, kara ɗaya na darni ya karye, ƙas.

Haske ta gyara zaman leshinta.

“Ni na ɗaure ki?” ta ce, da muryar da za ta kai har zauren gidana. “Tun ba a yi auren uwarki ba nike ɗebo ruwana. Hanya ga ta nan.”

Bayan darni anka yi ta gyaɗa kai. Ummul ta raɗa mini cewa irin su Haske sun ƙare a ƙasar nan. Kin ga aiki ya yi kyau. Ba ta roƙa ba, ba ta yi kuka ba, ba ta kama suna ba, ga shaidu cike da gida.

Balkisa ta ɗaga salula. Ta gode ma Madam, wadda ke ta cewa a dakata a ja numfashi. Ta ce, “Baban yara, ka ji da kunnenka.” Ta kashe. Ta shiga ɗaki ta goya ƙaramar, ta yafa mayafi, ta ce za ta tasha ta tambayi ranar da motar Yamai ke haɗuwa da ta Kutunu.

Wanke hannu

Kafin ta kai ƙofar gida, bari in faɗi nawa. Abu biyu na yi alkawari, ji da girma, kuma na cika. Ban ce komi ba game da wanda zai daka miki hura, ko wanda zai kama hannunki zuwa likita, ko jikokin da za su koma 'yan fuskoki cikin gilashi. In kinka bi matakan nan kinka wayi gari gida shiru, ki tuhumi rezo, ki tuhumi Madam, ki tuhumi wadda ta karya kara, ba ni ce ba, ni ina can gefen hagu. Kada a aiko mini kawu, kada a aiko mini liman. Darni kawai na ba da aro, shi ma sai an gyara mini.

Balkisa ta kai bakin ƙofa ta tsaya, hannunta kan ƙyauren kwano, ba ta waiwayo ba. Ta daɗe a tsaye, daɗewar da ta ishi mutum ya faɗi kalma ɗaya har ya maimaita. Haske na zaune gaban turmi, leɓenta na motsi.

“In kin fita ki ja ƙyauren,” in ji Haske, “kada tumakin mutane su shigo.”

Balkisa ta fita, ta ja shi da ƙarfin da sai da ƙasa ta zubo daga katanga.